Sandar Kabo a Ajin Hussaina

Zuwa ga Yaya Zailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Baure alhamdulillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ya fara fitar da kai. Maganar Hussaina ce ta sa na ɗauki biro, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Ka san an kai ta Daura horo, aka ba ta kwamfutar hannu don koyar da 'yan aji uku. Ƙanwar taka da ko lambar waya sai an adana mata! Ta sha goge darasi da kuskure ta zauna tana kuka, har ta iya ɗaukar yara suna karatu, ta kunna musu su ji kansu su gyara. Da haka ta shawo kan Jibril, ɗan farin Kabo mai shanu, yaro mai in'ina da ba ya buɗe baki a aji, har ya karanta shafi guda.

Ranar taron iyaye sai ta kunna hoton bidiyon Jibril a gaban jama'a, wai ta faranta wa uban. Yaron ya fito a ciki ya faɗi sunansa, ya faɗi na ubansa gatsal. Kabo kuwa ko sunan yaron bai taɓa kamawa ba saboda kunyar ɗan fari, ga surukinsa zaune a gefensa. Wasu suka tuntsire da dariya. Kabo ya miƙe ya ɗaga sanda ya sauke a kan kwamfutar, Hussaina ta tare da hannu. Yatsunta suka karye, gilashi ya tsaga mata tafi, jini har kan littattafan yara. Ƙanenmu Kalilu ya rarumi benci ya rotsa wa Kabo kai, wuri ya kaure da duka, hedimasta ya sha naushi wajen rabo, yara suka dinga dira ta taga suna ihu. Kabo ya fizgi Jibril, jini na bin fuskarsa, ya ce yaron ya gama boko.

Ni na ce sai an kai shi wurin 'yan sanda. Hussaina ta ƙi, wai in aka kulle uban, karatun Jibril ne aka kulle. Wallahi na zazzage ta tas.

Shekaranjiya sai ga Kabo a zaurenmu, kai a naɗe da ƙyalle. Ya yi mata sannu da hannu, sannan ya tambaya ko muryar wancan yaron ta mutu tare da na'urar. Ashe akwai ta a wayarta. Ta nuna masa inda zai danna, ta ajiye a kan tabarma, muka shige ciki muka bar shi shi kaɗai. Muna jin muryar Jibril yana karanta shafin nan, in ya ƙare Kabo ya sake kunnawa. Bai yi mana sallama ba da zai tafi.

Yau Jibril yana aji. Don Allah kada ka taso da zafi, ka dai ja wa Kalilu kunne. Hussaina na gaishe ka, tana nan tana koyon danna waya da hannun hagu. A gaida Anti Hadijatu da su Fadila.

Ƙanwarka,
Kulu