Ƙarfen da Bai Sha Wuta Ba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yaya Inuwa, malamin allurar shanu, a duk inda takardar nan ta same shi.

Gaisuwa da girmamawa, da fatan ka sauka lafiya. Bayan haka, Yaya, don Allah kada ka sake tayar da babur ɗin nan. Ko a tsakiyar daji kake, jingine shi ka nemi jaki. Ka gama karantawa tukuna, sannan ka zage ni yadda ka ga dama.

Ka tuna fil ɗin fistin da ya cinye, ɗan ƙarfen nan na cikin inji, wanda muka bi Sabon Gari shago-shago ba mu samu ba, ana yi mana dariya wai babur ɗin Ingila da ya girmi 'yancin kai ba shi da sauran kaya a duniya? Shi ne na kai wa Oluwole mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi mana irinsa. To, Oluwole yana da ƙa'idarsa, guda biyu yake yi. Na farko na gwaji ne, daga ɗanyen ƙarfe mai laushi, don a zura a ga ko awo ya yi daidai. Na biyu shi ne na aiki: a ƙona shi ya yi ja, a tsoma a mai, ya fito da duhu da tauri. Ya naɗo mini su a takarda ɗaya ana gobe sunan 'yarka.

Ranar hankalina ya rabu biyu, ga hidimar suna, ga ka tsaye a kaina kana cewa jibi za ka fita rangadi. Na zura mai ƙyallin, wato na gwajin, ya zauna daram, na yi hamdala na rufe inji. Ban cire shi ba.

Yau da hantsi Oluwole ya biyo karɓar na gwajinsa, na miƙa masa wanda ke cikin gwangwani. Ya juya shi, ya ɗauki magagari ya goga, magagarin ya zame ko ƙwarzane babu. Sai ya dube ni ya ce, "Mu'azu, wannan ai shi ne na aikin. Ina ɗayan?" Wallahi yana cikin injinka, Yaya.

Ya ce ɗanyen ƙarfe zai ɗauki mil ɗari biyu, in ya yi ƙoƙari uku, sannan ya karye. In ya karye ana cikin gudu, inji ya ɗaure, tayar baya ta tsaya cak. Kwananka shida ke nan da fita, kuma na san yadda kake sakin hannu a gangara. Tun safe nake lissafin mil, kowane lissafi sai ya fi na baya ban tsoro.

Na ba Tanko direba takardar nan, zai bi ta Tudun Wada. Yaya Saratu ba ta sani ba, na rasa bakin da zan gaya mata. Allah Ya tsare ka. Wasalam.

Ƙanin iyalinka,
Mu'azu makanike


Tarauni
11 ga Maris

Mu'azu,

Ina gaisuwa, ya aiki? Mu lafiya lau, Kulu tana shan nono tana barci, ita kaɗai ce mai kwanciyar hankali a gidan nan.

Matar Tanko ta zo barka jiya. Tana cikin hira ta ce an ga ka bi motar mijinta da gudu ba takalmi, kana ɗaga takarda kana kiran sunansa har bakin titi. Ta ɗauka abin dariya take ba ni. Ni ban yi dariya ba. Uzoamaka maƙwabciyata kuma, wadda ke ɗinki kusa da kai, ta ce kwana biyu shagonka a buɗe, amma ko sifana ba ka ɗaga ba, kana zaune kana kallon gwangwani.

Ni na goye ka, Mu'azu. Tun kana rarrafe, in ka fasa abu ba ka gudu, ɓoye fuska kake yi. Tun ranar suna ba ka leƙo ba, kai da ba ka wuce tuwon gidan nan. Malam Inuwa kuma duk fitar da zai yi yakan aiko saƙo ranar kasuwar farko, ko da tsinken nama ne da gaisuwa. Wannan karon shiru.

Na sha gaya masa ya rabu da tsohon nan ya sayi ɗan Japan kamar kowa, ya ce shi da babur ɗinsa sai mutuwa. Yanzu kalmar nan ita ke yawo a kaina, har ruwan wanka ya huce ina zaune ban sani ba.

Da ba jego nake ba da ka gan ni a ƙofar shagonka. Ka ba Uzoamaka amsa yau, kuma kada ka lallashe ni. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Saratu


Gyaɗi-Gyaɗi
12 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Kulu. Ga takardar da na rubuta wa Yaya Inuwa na haɗo miki, ki karanta, duk abin yana ciki. Tanko ya dawo mini da ita yau ko buɗe ta ba a yi ba. Ya ce ya tarar Yaya Inuwa ya bar Tudun Wada da kwana uku, ya nufi rugagen Doguwa.

Laifina ne ni kaɗai. Ba na Oluwole ba ne, ya gaya mini sau biyu, har ya nuna mini da yatsa. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe injin nan, na san kukansa fiye da muryar matata, amma ga abin da na yi.

Jiya na zo har bakin rijiyar unguwarku, na hango zauren, na kasa shiga. Na juya.

Gobe da safe zan bi motar Tanko. Fil ɗin gaske yana aljihuna, kayan aiki suna buhu. In na cim masa, awa biyu sun ishe ni. Ki yi mana addu'a. Wasalam.

Mu'azu


Tarauni
12 ga Maris, da la'asar

Mu'azu,

Na karanta. Sau uku na karanta, sannan na sa Kulu a kafaɗa na yi ta zagaya tsakar gida don kada Innarmu ta ga fuskata.

Kwana uku ka sani ka bar ni ina shan kunun kanwa ina karɓar barka. Wannan ya fi fil ɗin yi mini ciwo, amma ba yau za mu yi maganarsa ba.

Ka tafi. Kada ka tsaya gaisuwa a ko'ina. Ba babur nake so ka dawo mini da shi ba, uban 'ya'yana nake so. Allah Ya kai ka.

Saratu


Doguwa
15 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa. Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba.

Mun iso shekaranjiya. Mai gari ya ce Yaya Inuwa ya kwana biyu a nan ya wuce. Na bi rugage uku a ƙasa, kowace ruga sai a ce ai jiya ya tashi. A ta ukun wani dattijo ya ce da ya tayar da babur ɗin ya ji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa, ya yi masa magana, Yaya Inuwa ya yi dariya ya ce tsufa ne, ƙanin matarsa ya gyara shi fes kafin ya fito.

Sawun tayarsa ba ya ɓace mini, ni na sa ta. Na bi shi kan hanyar Riruwai har wata gangara mai duwatsu. A tsakiyarta sawun ya daina zane, ya koma jan layi ɗaya, taku goma sha biyar, sannan ya kauce.

Na sami babur ɗin a ƙasa cikin kwari, an jingine shi da bishiya an rufe da ganye. Fitila ta fashe, hannun babur ɗin na dama ya lanƙwashe. Na taka kik don in tayar da shi, ko motsi. Akwatin allurarsa ba ya nan. Akwai takalminsa ƙafa ɗaya, akwai jini a kan dutse, ya bushe, ba mai yawa ba. Na daɗe ina auna shi da tafin hannuna, ina gaya wa kaina ba mai yawa ba ne.

Wata mai tallar nono ta ce ta ji an ɗauki wani mutumin birni a kan jaki ranar Asabar. Na tambaye ta yana magana? Ta ce ita ba ta gani ba, ji ta yi. Ba ta san inda aka kai shi ba. Rugage huɗu ne a bayan dutsen, yanzu zan fara da ta kusa.

Ranar Asabar, Yaya. Ranar ina cikin motar Tanko.

Ban ga sabon kabari a hanya ba, na duba. Abin da nake da shi ke nan. Wasalam.

Mu'azu


Rugar Arɗo Shehu
17 ga Maris

Zuwa ga iyalina Saratu,

Gaisuwa gare ki da yara. Ni ne, da hannuna, kin san rubutuna. Ina raye.

Cinyar dama ta karye wuri biyu. Mutanen Arɗo sun ɗauke ni, mai ɗori ya ɗaure. Ya ce zan taka, da sanda, amma ƙafar nan ta gama tayar da babur. Rangadi ya ƙare mini.

Mu'azu ya iso jiya da azahar. Ya leƙo, ya gan ni, ya koma waje. Tun lokacin yana zaune a bakin bukka, bai ci ba, bai shigo ba. Na kira shi ya fi sau goma. Da takardar nan ta same ki, ki rubuto masa ko layi ɗaya ne. Ni ba zan iya tashi in je inda yake ba.

Maigidanki,
Inuwa