Jiran Henry

Muchia, Sabon Gari, Zariya

Zuwa ga Yaya Henry,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da Anti Stephanie da yara a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mu nan da godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, amma tun da muka binne Baba wata uku ke nan ba ta cin abincin kirki. Ƙaninmu Sati ya koma makaranta, ni kuma kullum ina hanyar Samaru, ɗakin gwajinmu ba ya hutu.

Ban rubuto don in yi maka faɗan rashin zuwa jana'iza ba, ko da yake na ji haushinka ƙwarai, kuma har yanzu da saura. Wani abu na gani wanda ba zan iya faɗa a waya ba.

Ka tuna ɗan allon nan mai layi biyu da Baba ya haɗa wa cocinmu a shagonsa na Chikaji, mai nuna lambar waƙa? Shekarun nan in an kunna shi sai ya daɗe bai nuna komai ba. Kowa ya ce tsufa ne. Dattijo Elias, sakataren coci, ya roƙe ni in gyara kafin sujadar tunawa da Baba. Sai na buɗe tsohuwar kwamfutarsa, na nemo umarnin da ya rubuta wa 'yar ƙwaƙwalwar allon da yaren kwamfuta da ake kira asambili. Ka san halinsa, ba ya barin lamba tsirara. Yakan ce lambar da ba a raɗa wa suna ba, bayan wata uku ko mai ita ba zai gane ta ba. Ashe sunayenmu ya raɗa musu. Farkon layin sama LAYIN_MAMA, na ƙasa LAYIN_EDITH, ni ce a ƙasa kamar kullum. Umarnin share allo kuwa GOGE_SATI, don shi ne ya taɓa goge masa lambobin waya kaf. Na yi dariya ni kaɗai.

Sai na iso kanka. Irin wannan allo, in an ba shi wuta, dole a ɗan dakata kafin a aika masa umarni. Lambar dakatawar Baba ya sa mata suna JIRAN_HENRY. Da farko biyar ce, kuma biyar ta isa. Amma a gefe ya jera kwanan wata: kowace Kirsimeti tun shekarar da kuka yi cacar baki kan barin shagon ka tafi, sai ya ƙara ta. Hamsin, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu. Ta bara ɗari biyu da hamsin da biyar, iyakar abin da gurbin zai iya ɗauka ke nan. Yaya, allon lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ya hana a ambaci sunanka a gida, shi ne ya sa coci guda tana jiranka duk Lahadi ba tare da ta sani ba. Na yi kuka har Mama ta shigo, na karanta mata, ta zauna a bakin gado.

Gyaran bai fi minti ɗaya ba, amma hannuna ya ƙi. Na gaya wa Dattijo mai gyaran yana Fatakwal. Sujadar ran ashirin ga wata mai zuwa ce. Don Allah ka zo. Ba wanda zai tayar da tsohuwar magana, na yi maka alkawari.

Ka gaida Anti Stephanie, ka shafa mini kan Wisdom da Happiness. Sati yana gaishe ka. Mama ta ce kada in matsa maka, sai dai in tambaye ka ko har yanzu kana son miyar karkashi.

Ƙanwarka,
Edith