Sunan da Ke Cikin Waƙarka

Malam,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma sai an nemo maka mai karantawa, kai da ka yi ta yi mini dariya sa'ad da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma bakina ya daɗe da nauyi, bari in gwada hannu.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, dawa ce ta sha ƙishi. Ɗiyarmu Hassi ta sauka lafiya a Shinkafi, namiji. Gangarka ta noma tana rataye a zaure inda ka bar ta, ɓeraye sun cinye tsirkiyar.

Ranar Talata wani mutumin gidan rediyo ya zo har Sakajiki da rikoda, yana neman asalin waƙarka ta "Tashi, Hantsi Ya Yi", wadda suke sawa kowace safiyar damina tun da aka ba mu jiha. Mutanen Moriki sun ce masa don Sarkin Nomansu ka yi ta. Na Katuru sun rantse wani manominsu ne mai irin sunan da ke cikin waƙar. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, waƙar noma ce amma ba sunan uba, ba gari, ba kirarin dame, sai suna ɗaya tak. Ta bayan zana na ce masa ban sani ba. Ƙarya na yi. Zai dawo ranar Juma'a.

Ni da kai mun san safiyar. Ɗanmu na fari, shekara huɗu, ƙyanda ta kwantar da shi. Na dama koko na shiga ina girgiza shi, ina ce masa ya tashi hantsi ya yi, har muryata ta dishe. Ko a lokacin ban kira sunansa ba. Ɗan fari ne, ina ni ina faɗin sunansa? Mata suka cika gida, na haɗiye kukana don kada a ce ba ni da kunya. Kai kuma ka dawo daga maƙabarta ka ɗauki fartanya ka tafi gona.

Da damina ta zagayo, sai na jiyo maganata a bakinka wurin gayya, har da sunan yaron, da ganga, da 'yan amshi, samari suna ihu suna kartar ƙasa. Malam, na ji haushinka. Shekara ashirin da wani abu ina kawo maka tuwo da wannan haushi. Na ɗauka ka ɗauki kukana ka kai kasuwa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Da Shari'a ta zo, ba wanda ya tako gidanmu ya ce ka daina kiɗa. Ni ce na tsare ka safe da yamma da zancen lahira, da abin da surukai za su faɗa, har ka rataye gangar. Ba tsoron Allah ne ya sa ni ba, Allah ya gafarta mini. So nake waƙar nan ta mutu. Na gan ka shekara biyu a bakin zaure kana tufkar igiya, yatsunka suna kiɗa a kan gwiwa ba ka sani ba, kana ramewa. Na gani, na yi shiru.

Ranar sadakar arba'in ɗinka Ɗanjuma, babban ɗan amshinka, ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce ba ka taɓa yarda a sa sunan wani manomi a cikin waƙar ba, komai girmansa. Ya ce duk sa'ad da ka zo kan sunan, sai ka juya wa taro baya ka bar su da amshi.

Ashe kai ma ɗan farinka ne. Ashe kai ma ba ka da inda za ka kira shi, sai tsakiyar gona, a gaban mutum ɗari, inda ba wanda zai gane. Me ya hana ka gaya mini? Me ya hana ni tambaya? Ɗaki ɗaya muke kwana, Malam.

Ina kewarka, kuma ina jin kunyarka fiye da lokacin da nake amarya. Ka yafe mini gangar.

Ranar Juma'a zan sa a shimfiɗa wa mutumin tabarma. Moriki da Katuru su yi haƙuri. Zan gaya masa wanda aka yi wa waƙar bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma zan faɗi sunan da bakina, ko mata za su ce tsufa ya cire mini kunya.

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da ɗanmu. In kun gamu, ka ce masa har yau ina dama koko in hantsi ya yi.

Matarka,
Uwar Ummaru