Maharbiyar da Na Goge

Zuwa ga Murjanatu, sanyin ruwan randa da tsakar rana, koren fadamar Aliero sa'ad da albasa ke tsaye da ganyenta, inuwar da nake gudu in shiga in zafin kaina ya ishe ni. Ina yi miki sallama, ko da ban cancanci a amsa mini ba.

Kasuwar Jega ta ci sau uku ba ki zo ba. Innarki Tabawa ta iso daga Karaye da daddawarta, ta wuce gaban shagona kamar ba ta taɓa kawo cajin waya wurina ba. Kujerar robar da kike zama tana nan, na hana kowa. Har cacar baki munka yi da Audu mahauci a kanta.

Kin tuna ranar da na nuna miki gem ɗin nan, wasan cikin kwamfutata? Na ce miki tsoho ne, amma wasu masoyanshi a ƙasashen waje sun gina sabuwar ƙasa cikinshi, mod suke ce mata, sunka sake ta kyauta don so kawai. Na yi ta kushe su: doki na tafiya bisa iska, sarkin aljanu ya maƙale cikin bango, in tsohuwa mai jirgin ruwa na magana sai a ji kare na haushi a gidan wadda ta ɗauki muryar. Ke kuwa kinka ce haushin nan ne ya sa kinka yarda mutane sunka yi shi. Kinka ja kwamfutar gabanki, kinka ƙera maharbiya mai tabo a kunci, kinka yafa mata koren mayafi. Wata biyar, sa'a guda kowace ranar kasuwa, kina ratsa dazuzzuka da ita, ni ina gefe ina kallon yatsunki, ina ƙaryar allo nake kallo.

Sai sunka fitar da sabon zubi. Ni da na koyi Turanci a jaridun naɗe tsire, ni da nake cika baki babu rubutun da ke wuce ni, ban karanta layin farko ba. Can sunka rubuta da manyan baƙaƙe cewa wanda duk ya ɗora sabo bisa tsoho, tafiyar da ya ajiye ta mutu. Na ɗora. Na aika musu zagi shafi guda. Ɗaya cikinsu ya ba ni haƙuri, ya ce ba ta dawowa, har da yi mini fatan alheri. Ko abokin faɗa ban samu ba.

Da kinka zo kinka iske babu maharbiyarki, ba ki ɗaga murya ba. Kin dube ni kina jiran kalma guda. Mi na ce, ya farin watana? Na ce wasa ne, kyauta ma anka same shi. Wane irin harshe ne wanga, da ke riga zuciyata isa ko'ina, ya ɓata wurin kafin ta iso?

Na koma daga farko. Na sake ƙera ta, tabon, mayafin, komi, don in kai ta inda kinka bar ta, in aje miki. Amma ni harbi kaɗai na iya, wanda duk ya tare hanya sai in kashe shi. Ke da magana kike wucewa. Yanzu ƙauyukan da ke yi wa taki guɗa sun rufe wa tawa ƙofa, tsohuwa mai jirgi kuma ta ƙi ƙetare da ita. Amsa huɗu ake zaɓa a gabanta, na gwada su duka. Ashe wani alheri ne kinka yi tun can baya, a wani ƙauye, ga wani wanda ban ko lura da shi ba. Ina zaune kusa da ke wata biyar, ban gani ba. Mi kuma ban gani ba, Murjanatu?

Ya ruwan farko bisa busasshiyar gona, ya sanyin Gulbin Zamfara ga ƙafar matafiyi, ban da dabarar da ta rage. Taki ba ta dawowa, ni na kashe ta, kuma ba wasa ba ce. Ki yi haƙuri. Tawa na tsaye bakin ruwa kwana tara, ban sake taɓa ta ba. In kin zo, ki nuna mini inda na kauce, zan rufe baki in saurara. In ba ki zo ba, nan za ta tsaya, don ba na ƙetarewa da kowa in ba ke ba.

Naki, a kasuwa mai zuwa da duk wadda ke bayanta, har ƙasa ta rufe idona,

Arzika
Jega Magaji