Asabar Ɗin da Ban Zo Ba

Waianae, ranar Lahadi

Zuwa gare ka Hanale, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, yayyafin farko bayan dogon rani, kai da ko sunanka na ambata sai numfashina ya daidaita.

Ina gaishe ka gaisuwar mai laifi wadda ta san laifinta. Yau kwana ashirin da biyu ke nan da aka binne mahaifinka, Baba Lopaka, kuma tun ranar ba ka ɗaga wayata ba. Na kira har na fara jin kunyar kira. Shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake yatsuna da ƙyar suke lanƙwasawa. Ka daure ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke mini hukuncin da ka ga dama.

Na gaji, masoyina. Allah ya sani na gaji! Kafin gari ya waye na bar gidan Inna da nake zaune a nan Waianae, awa biyu a bas kafin in kai birnin Honolulu, in sa hular kwano, in gangara ƙarƙashin asibitin da muke aiki, inda tukwanen tururi ke huci kamar za su haɗiye mutum. Wuni nake ina ɗaukar bututun ƙarfe a kafaɗa, ina yanka, ina ɗaurawa, ina riƙe wa mai walda. Talata da Alhamis daga aiki sai aji, Asabar ma aji. Tafin hannuna da kake cewa ya fi ganyen gwaza santsi, yau da ka taɓa shi sai ka ɗauka ɓawon kwakwa ne. Amma duk wannan gajiyar tsoka ce, barci na rage ta. Gajiyar shirunka fa, wane barci ne zai ɗauke ta?

Ka tuna ranar da takardar ƙungiyar ma'aikatan famfo ta zo, bayan na shekara biyu sunana na cikin jerin masu jira? Muna cikin gonar gwaza, taɓo har gwiwa, ka riƙo ambulan ɗin da haƙora don hannuwanka duk laka. Kai ka karanta mini: an ɗauke ni koyon aikin famfo da bututun tururi, shekara biyar. Ka yi dariya, amma na ga idonka ya kaɗa. Ka zaunar da ni a bakin magudanar ruwa, ka wanke mini ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ruwan nan mai sanyi da ke gangarowa daga dutse, da hannunka mai ɗumi, ina zan sake samun irinsu a garin nan? Da muka koma gida muka gaya wa Baba, yana kan kujerar da bai iya tashi daga kanta tun da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya ce da bakinsa da ya karkace: "Tafi ki koyo, 'yata. Na gaji da jiran mai famfo daga tsibirin Maui." Shi ya fara sa mini albarka, tun kafin uwata ta sa.

Mutumin ke nan da ban zo na raka ba.

Bari in gaya maka yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Ranar Talata ka kira ka ce Baba ya cika, jana'iza Asabar. Asabar ɗin nan ita ce ranar jarrabawar da ke rufe watanni shida na gwaji. Wanda bai zauna ba, sai ya koma layi ya jira rukuni na gaba, kuma ba wanda ya san yaushe. Washegari na je ofishin ƙungiya neman izini. Matar da ke wurin ta tambaye ni ko ni 'yarsa ce, na ce a'a. Ta ce to surukarsa? Na ce ba a ɗaura ba tukuna. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce doka ba ta san saurayi ba.

Ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa: ban ja da ita ba. Na ce na gode, na fito. Tsoro na ji, Hanale. Na hango kaina na koma shimfiɗa zanen gado a otal, ina kwashe tawul ɗin baƙi, kamar yadda na yi shekara bakwai. Tsoron ya fi ƙarfina, na zaɓi jarrabawa. Ƙarfe goma na safe, lokacin da ake buga ƙararrawar coci a can tsibirinmu na Molokai, kana ɗauke da akwatin gawar mahaifinka, ni ina zaune a aji ina lissafin kwanar bututu. Na ci jarrabawar. Ban taɓa cin abin da ya yi mini ɗaci irinta ba.

Ba wanda na gaya wa a wurin aiki, sai ranar Larabar nan da ta wuce. Maigidana da nake koyo a hannunsa, Kawu Shige, dattijon nan mai faɗa da ba ya kiran sunana sai dai ya ce "Molokai", ya sa mu nemo inda wani babban bututu ke yoyo. Tururi mai ƙarfi ba a ganinsa da ido, ƙararsa kawai ake ji, kuma yana yanka nama kamar wuƙa. Shi ya sa ake tura tsintsiya mai dogon mariƙi a gaba, in ta kai wurin sai ka ga bakinta ya watse. Ni kuwa hankalina yana wurinka, na miƙa hannu zan dafa bututun. Ban ankara ba sai ji na yi an fizgo ni ta wuyan riga har na zauna a ƙasa. Ya ce: "Ke Molokai, hannu nawa kika baro a gida da za ki ba tururi kyautar guda?"

A nan kuka ya ƙwace mini, a gaban maza shida. Ya kore su su je su ci abinci, ya zauna a kan bokiti, na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce: "Shekara talatin da huɗu ina cikin ƙungiyar nan. Da kin buɗe baki, da ni zan je in tsaya miki. Sakaryar yarinya, ƙungiya ta mene ce in ba wannan ba?"

Ka ji, ashe akwai ƙofa, ni ce ban ƙwanƙwasa ba. Da ya zage ni ya bar ni, da ya fi mini sauƙi. Ya raba dunƙulen shinkafarsa biyu ya ba ni rabi, washegari kuma ya je ofis da kansa, ya karɓo mini hutun kwana uku.

Ya hasken safiyata, ya iskar da ke tasowa daga teku ta kwantar da ƙurar zuciya, me zan ce maka? Ba zan yi maka ƙarya in ce zan ajiye aikin nan ba. Saura shekara huɗu da rabi, kuma zan ƙarasa ko da rarrafe, in dawo gida da takardata, mu zauna a tsibirinmu ba sai mun bi 'yan'uwanmu da tsadar rayuwa ta kora ƙetare ba. Amma shekara huɗu da rabi babu muryarka? Wannan kam ƙafata ba za ta kai ba. Kuma na gaji da a tambaye ni mene ne tsakanina da kai in rasa amsar da za ta shiga takarda. In har akwai sauran wurina a zuciyarka, ko ƙanƙane kamar sawun kaguwa a yashi, ka aure ni, Hanale. Ba na son biki, ba na son doguwar riga. Fasto da shaidu biyu sun isa.

Ranar Juma'a zan sauka da ƙaramin jirgin sama na safe. Ba sai ka zo tarya ba, zan sami mai rage mini hanya. Maƙabarta zan fara zuwa, in durƙusa in ba Baba haƙuri da bakina. Daga can sai gidanku. Zan zauna a kan matakalar ƙofa. In faɗa za ka yi mini, ka yi, na cancanta. In shiru za ka yi, ka fito ka yi shi a kusa da ni. Jirgin komawa sai Lahadi da yamma, kuma ba inda zan motsa kafin nan.

Taka a gajiye, taka a huce, taka har ranar da za a ɗauki nawa akwatin,

Pualei