Tun Da Suka Hau Saman Tebur Ɗana Ya Daina Neman Albarkata

Zuwa ga Doña Ofelia,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Sunayen da za ki gani a nan duk na aro ne, har da na ƙungiyar, domin a garinmu na 'yan rake ko tari mutum ya yi sai an san daga wane gida ya fito. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ni ba mai kai maganar gida waje ba ce. Amma wannan karon na rasa wanda zan faɗa wa, ko fada a coci na kasa buɗe masa baki.

Mijina ya daɗe da rasuwa, a masana'antar sukari ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Da keken ɗinki na ƙarasa renon 'ya'ya uku. Matan biyu sun yi aure, ɗaya tana Nueva York a Amurka, ɗaya tana babban birni. Auta shi ne Eudis. A gidana akwai doka: ba wanda zai fita ko ya shigo bai sumbaci hannuna ya ce "Albarka, Mama" ba, ni kuma in ce "Allah ya yi maka albarka." Na san 'ya'yan yanzu daga bakin ƙofa suke wurgo ta kamar ana korarsu. Nawa ba haka suka tashi ba.

Eudis ɗan besbol ne, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda. Tun yana buga murfin jarkar ruwa da sandar tsintsiya a bayan gida aka ce yana da ido. Yana da shekara goma sha shida aka ɗauke shi, ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas, har gwiwa ta ba shi matsala suka sallame shi. Duk tsawon lokacin nan bai taɓa shiga fili bai kira ni ba. Wani lokacin maganar ba ta wuce kalma biyu, ya nema, in ba shi, ya kashe. Yanzu shekararsa ashirin da takwas, kuma bana 'yan ƙungiyar Pelícanos, can arewa, suka ba shi wuri. Kin san yadda farkon kakar wasa yake a ƙasar nan. Oktoba da Nuwamba na ƙananan 'yan wasa ne, kafin manya su gama hutawa su zo su karɓe wurarensu. Wanda bai nuna kansa yanzu ba, Disamba a benci za ta same shi, daga benci kuma sai gida.

Ana gobe buɗe gasa ya zo min sallama. Bai zo shi kaɗai ba, ya zo da Yokasta, wata mai gyaran gashi da suke zaune tare, ba auren coci ba na kotu. Kuma ga ciki ya fito. Ba zan ce yarinyar ba ta da ladabi ba, ta gaishe ni, ta tashi ta wanke kwanuka ba wanda ya sa ta. Amma ladabi ba aure ba ne. Bayan sun ci abinci na ce masa ban haifi ɗa don ya ajiye 'yar mutane kamar kujerar haya ba. Ya ce, "Mama, bari kaka ta ƙare mana." Na ce bara ma haka ka ce, kakar taka ba ta ƙarewa ne? Ya yi dariya, ya ce, "Haba Janar, yau ma fareti za a yi?" Haka yake kirana idan yana so ya kashe magana da wasa. Ni kuwa ba wasa nake ba. Da suka tashi tafiya ya sunkuya ya ce "Albarka, Mama," sai na sa hannuna a aljihun riga na kawar da kai. Ya jima a sunkuye. Daga baya ya miƙe ya ɗauki jakarsa.

Niyyata ya kwana da abin a ransa, washegari ya kira ya ce ya sa rana, in sa masa albarka ninki biyu. Washegari bai kira ba. A wasan nan na farko ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ya fi kowanne daraja, suka ci. Suka sake ci. A wasa goma sha ɗaya na farko tara suka ci, Pelícanos da bara suka ƙare a ƙasan kowa yau su ne a saman tebur, kuma sunan ɗana yana cikin na gaba a masu bugu.

Kullum da safe idan na je kantin Don Fermín sayen burodi, jarida a buɗe take a kan kanta. Ba ya bari in duba da kaina, sai ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Rannan ya ce, "Doña, me kika shayar da yaron nan ne? In da saura ki sam mana mu kai wa 'yan wasan garinmu, su ko kwakwa aka jefa musu sai sun kuskure." Na ce ya auna min shinkafa, ya kuma ɗauke yatsansa daga kan sikeli. Aka kwashe da dariya. Nereyda, wadda ta riƙe Eudis ranar baftisma, ta ce, "Ke dai uwar gwarzo, me yake ce miki idan ya kira? Ya ce zai saya miki firji?" Na ce yana gaishe ku. Ni da nake dukan yara a kan ƙarya, ga ni ina yin ta a gaban kanti da furfurata.

Yokasta ce ta kira ni a mako na uku. Ta ce, "Doña, kada ki ɗauka fushi yake, wallahi kullum sai ya yi zancenki. Kin dai san 'yan wasa da camfi. Safa ɗaya yake sawa tun ranar farko, har na hana shi shigo min da ita ɗaki. Kullum mangú, dakakkiyar ayabar nan, da soyayyen cuku, kullum hanya ɗaya zuwa fili. Ranar nan bai kira ki ba ya ga abin da ya biyo baya, shi ne yake tsoron taɓa komai." Tana faɗa tana dariya, wai don ta kwantar min da hankali. Ashe an jera ni da safa mai wari. Ashe rashin albarkata shi ne ya zama masa laya. Yaron da na kai coci a kafaɗa, na koya masa cewa camfi zunubi ne, shi ne yau ya yarda cewa bakin uwarsa zai karya masa sa'a.

Ba na zuwa kanti kallon wasa, ba wurin mace mai mutunci ba ne, ga giya ga zagi. A baranda nake zama da rediyon mijina. Rediyon yana riga talabijin ɗinsu da ɗan kaɗan, don haka ni nake fara sanin ya buga, sai in zauna shiru ina jira unguwa ta ɗauki ihu. Kowa yana kiran sunan ɗana, ni da na raɗa masa sunan ba ni da wanda zan juya in kalla. Wake ma yanzu a ƙaramar tukunya nake dafawa, kuma sai ya kwana.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Lahadi da yamma suna baya da ci ɗaya, zagaye na ƙarshe, abokansa biyu suna cikin fili suna jira ya buga su ƙarasa zagaye su ci maki. Mai sharhi ya ce ga Eudis nan ya fito. Carbi yana hannuna. Sai na ji bakina ya ce, "Ubangiji, ka sa ya kuskure." A fili na faɗa, ba a zuci ba. Sau uku ya kai duka, sau uku ya bugi iska. Aka cinye su. Kuma Doña Ofelia, ban ji baƙin ciki ba. Tashi na yi na sa wayata a caji, na jawo kujera kusa da ita. Ba ta yi ƙara ba, har na gaji na kwanta. Ranar Litinin jarida ta nuna suna nan a sama, ranar Talata ya ci gaba da bugunsa.

Ba zan ce zaman da suke yi daidai ne ba, ko za a yanka ni. Kuma a iya sanina ɗa ne yake neman uwa, ba uwa take bin ɗa ba. Amma yanzu kowace safiya ina duba teburin nan ina lissafin wasa nawa ya rage su faɗo, kuma na san faɗuwarsu ita ce ƙarshen aikinsa. A watan Janairu Yokasta za ta haihu. In ci gaba da jira? Wace irin uwa ce take jiran ɗanta ya faɗi don ta ji muryarsa?

Uwa mai rediyo, daga Gabas

*

'Yar'uwata mai rediyo,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari in fara sauke miki kaya ɗaya: ba addu'arki ce ta sa ya kuskure ranar Lahadi ba. A wasan nan wanda ake kira gwani, cikin fita goma sau bakwai yake komawa benci hannu wofi. Mai jefo masa ƙwallon ne ya fi shi a ranar. Abin da ya fito daga bakinki kewa ce ta yi miki yawa, ba mugunta ba. Ki faɗa wa fada idan hakan zai sauƙaƙa miki, amma kada ki mai da kanki mayya.

Kina da gaskiya a wurare biyu. Mace mai ciki ta cancanci a sa mata rana, kuma "bari kaka ta ƙare" ba amsa ba ce. Haka nan namiji ɗan shekara ashirin da takwas da ya bar uwarsa makonni ba kira saboda camfi, ya yi wauta, ko da kuwa duk abokansa haka suke. Idan yana karanta wannan shafin, na faɗa masa.

To amma ki dubi inda yake tsaye. An taɓa sallamarsa. Ga gwiwa, ga shekaru, ga jariri a hanya, ga manya suna shirin zuwa karɓar wurinsa. Mutumin da yake cikin irin wannan tsoron, ko safa ya samu sai ya riƙe. Ba raina ki ya yi ba. Kuma ki yi haƙuri in faɗa miki wadda ba za ki so ba: ke kika fara mai da albarkar nan abin ciniki ranar da kika sa hannu a aljihu. Kin ce sai ya sa rana za ki bayar. Shi kuma ya gwada rayuwa babu ita, ya ga bai mutu ba, har ya ci wasa. Da faɗa kika yi masa son ranki sannan kika miƙa hannun, da yau kina da faɗan, kina da ɗan.

Jira shi ne mafi muni cikin abin da ke gabanki. Bugun nan zai yi sanyi, na kowa yana yi. Idan sai ranar ya kira ki, zai dawo miki a karye, ke kuma za ki karɓe shi kina sane da abin da kika yi ta fata. Daga nan muryarki za ta zama wadda yake nema ranar asara kaɗai.

Saboda haka ki je yanzu, suna sama. Ki kira Yokasta, ki tambaye ta ranar da ba su da wasa. Yarinyar da ta ɗauki waya ta kira matar da ta kawar mata da kai, ba abokiyar gaba ba ce. Ki hau mota da sassafe, ki tafi da abin da kika san yana so, ki haɗa da wani abu na jariri daga kekenki. Ki fara gaishe ta, ki tambayi jikinta. Idan ya fito kada ki tsaya jiran ya sunkuya. Ki ɗora masa hannu a ka, ki faɗi abin da kika saba faɗa, ki haɗa da ita da abin da ke cikinta. A ranar kada ki ta da maganar aure, kada ki ta da ta camfi, safar ma ki yi kamar hancinki ya toshe. Maganar aure tana nan, za ki yi ta wata rana a kan teburin cin abinci, kuma ina zaton Yokasta za ta tsaya a gefenki.

Ba zan ɓoye miki ba, yana iya yiwuwa washegari ya bugi iska, ya ɗaure fuska, ya ce ke ce. Ki shirya wa wannan. Fushin kwana biyu ne, kuma zai yi shi ne da uwar da ta zo, ba wadda ta zauna tana jira ba.

Idan kin dawo, ki kira Nereyda ta zo baranda ku saurari wasan tare, ki gaya mata gaskiya. Ita ma uwarsa ce a gaban Allah.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauki Yokasta lafiya, ya bar wa Eudis gwiwarsa da idonsa.

Doña Ofelia