Kwamfutar Habibu da Aka Jefa a Kududdufi

Zuwa ga Mai Girma Ciyaman na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da waɗanda kuke aiki tare. Ya fama da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Ladi, a garinmu Iya Ladi ake ce mini. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Matar maƙwabcina ce take rubutawa ina faɗa, na kuma ce da ita kar ta gyara mini magana. Na aika maka ta hannun mai unguwa, na aika ta hannun kansila, shiru. Shi ya sa na ce a sa wannan inda kowa zai gani, tunda abin ma a gaban kowa aka yi mana shi.

Maganar jikana ce, Habibu. Ɗan 'yata ne, ta rasu ta bar mini shi yana rarrafe, a bayana ya girma.

Na farko, ina so ka san abin da yaron nan yake haɗawa, don har yau ba wanda ya tambaye ni, alhali a ɗakina aka yi shi.

Da ya gama sakandare ba mu da halin ya ci gaba, sai ya shiga dakon buhu a kasuwar hatsi ta Dawanau. In ya tara ɗan abin da ya tara, sai ya shiga birni ya dawo da wani abu ƙunshe a leda mai ƙyalli. Ya ce kwamfuta zai haɗa da hannunsa, wai in an saya guntu-guntu, na hannu, ta fi sauƙi. Burinsa ya buɗe ɗan shago ya riƙa buga wa mutane takardu da katin biki, yaran garinmu su daina zuwa har Bici don a cike musu takardar jarrabawa. Damina biyu yana wannan tari. A ƙarƙashin gadona yake ajiyewa, cikin fantekar aurena, don ita kaɗai ce ɓera ba ya iya buɗewa.

Akwai wani faranti kore mai ƙananan hanyoyi a jiki, kamar ka hau tudu ka hango gonaki. Akwai wani ɗan ƙarfe bai kai kwalin ashana ba, ya ce shi ne ƙwaƙwalwar. Sai fanka, sai wayoyi kala-kala. Akwatin ƙarfen da ake rufe su ne bai saya ba, ya ce wannan riga ce kawai, sai a ƙarshe. Don haka a kan faifaina ya shimfiɗa kwali ya jera su.

Ranka ya daɗe, ka san gidan ƙauye. Kaji suna shiga ɗaki, akuya tana leƙowa, ga hayaƙin murhu. Sai ya riƙa rufe ƙofa da rana in zai yi aikin. Kuma kafin ya taɓa komai sai ya cire takalmi ya dafa ƙarfen taga, wai akwai wata wuta a jikin mutum da take kashe kayan. Ni dariya nake masa. Ashe masu leƙe ta katanga ba dariya suke ba. A garinmu ba a rufe ɗaki da rana sai in haihuwa ake ko wankan gawa.

Ranar da kwamfutar ta tashi ina zaune a bakin gado. Ya aro batir da ɗan injin da ke ba da wuta da wani gilashi irin na talabijin, ya ɗiga wani farin mai kamar ƙwayar wake a kan ƙwaƙwalwar, ya ɗaura fanka. Ya yi bisimilla ya taɓa. Fanka ta juya, abu ya yi ɗan ƙara, rubutu ya fito a gilashi. Yaron nan ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce, "Iya, ni na yi wannan." Ban san me rubutun yake cewa ba, amma na yi guɗa a hankali, ni kaɗai.

Na biyu, abin da 'yan sintirinku suka yi.

Shekarun nan ne da ake ta tashin bam a birni, kowa a tsorace, ban ce ba a tsorace ake ba. Hukumarku ta ba matasa sanduna da tocila ta ce su tsare gari. Bayan yankan gero, ranar kasuwa, da hantsi, suka shigo mini gida ba sallama. Shugabansu Ɗanlami ne, wanda ni na yanke masa cibiya. Suka ga wayoyi a kan faifai, ba akwati, suka ja da baya suna salati. Habibu ya roƙe su, ya ce a kira wani malami daga kwalejin Bici ya duba, in ba kwamfuta ba ce su yi masa duk abin da suka ga dama. Na riƙe rigar Ɗanlami na ce ya dubi furfurata. Ya ce, "Iya, ki matsa. An ce mana duk abin da ke da waya a jiƙa shi tukuna."

A baro suka zuba kayan, mutum ɗaya yana turawa yana kau da kai, sauran suna korar jama'a. Suka juye a kududdufin bayan gari, inda ake yin tubali. Shi kuma suka ɗaure shi da igiyar akuyata suka ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa, suka kai shi aka tsare.

Na uku, yadda aka sake shi. Da aka tsamo kayan aka kai wa masu bincike, suka ce kwamfuta ce, ba komai. Bayan 'yan kwanaki suka ce ya tafi gida. Shi ke nan. Shi kaɗai ya dawo a ƙafa, ba wanda ya rako shi, ba wanda ya tsaya ya faɗa wa gari abin da aka gano. Duk kasuwa ta ga tafiyarsa, dawowarsa kuwa ni kaɗai na gani. Ya wanke koren farantin nan da aka mayar masa ya shanya a rana, ya jona, ko motsi. Bai sake maganarsa ba.

Mai gidansa a Dawanau ya ce ya ɗan huta tukuna, har yau hutun bai ƙare ba. Yara suka sa masa suna, ba zan maimaita shi a nan ba. Mata suka daina aiko 'ya'yansu sayen ƙuliƙulina. Duk wannan ya daure. Abin da ya kore shi, masallaci ne. In ya tsaya a sahu, sai na dama ya matsa, na hagu ya matsa, a bar shi da fili kamar mai ƙyanda. Mutanen da suka ci tuwon sunansa ne fa. Da rani ya shiga ya ɗau jakarsa ya yi kudu. Yana can yana gadi a wani gari da ban iya faɗar sunansa ba. In ya kira a wayar maƙwabta na ce ya dawo, sai ya ce, "Iya, in dawo in tsaya kusa da wa?"

Ranka ya daɗe, ban zo neman diyya ba, ban kuma ce a kama kowa ba. Ɗanlami abin da aka gaya masa ya yi, kuma daga ofishinka maganar ta fito, ko da ba kai ne a kujerar ba a lokacin. Roƙona ga shi.

Ka aiko wakilinka garinmu ranar Juma'a, bayan an idar da salla, ya tsaya tare da liman da Ɗanlami, a faɗa da baki, a lasifika, cewa abin da Habibu ya haɗa kwamfuta ce, an bincika an tabbatar. A kuma sa mai shela ya zaga kasuwa da wannan magana, ta hanyar da aka bi da shi.

Sannan ka ce da masu sintiri, in sun ga abin da ba su sani ba, su nemo wanda ya sani kafin su kai shi ruwa. Akwai wasu yaran a garuruwan nan masu irin hannunsa.

Ka hanzarta, don Allah. Idona ya yi yana, ƙafa ta ƙi, bara ma ban iya zuwa roron wake ba. Ba ni da namiji a duniya sai shi. Ba na so a kira shi a waya a ce an binne ni. Ina so ya zo da ƙafarsa tun ina iya shafa fuskarsa, in kuma ranar ta zo, ya tsaya a yi mini salla da shi, mutane a jikinsa dama da hagu.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raya maka naka 'ya'yan, ya tsare su daga zargin da ba su ji ba ba su gani ba.

Wassalam.

Ni ce,
Iya Ladi, kakar Habibu.